Abin da Baffa Ya Haɗiya

Ku 'ya'yan Sale, da ku 'ya'yan 'yan'uwansa, wannan maganar taku ce. Ni ban yi boko ba, allo ma ban wuce abin da zan yi salla da shi ba, don haka faɗa nake yi ana rubutawa, na kuma ja kunne kada a gyara mini magana ko a yi mata kwalliya. Kun taso kuna ganin tabon nan da ya ratsa cikin yayanku Baffa, kun kuma taso kuna jin cewa sakacin uwarsa Rabi ne ya ja aka yanka shi yana ɗan shekara ɗaya da rabi. Har a gidan biki na ji wata tana yi wa 'yarta misali da ita. To ba haka aka yi ba. Ni na san yadda aka yi, don a hannuna aka yi.

A shekarun nan ba a yi wa yaro magani a unguwarmu ba a tambaye ni ba. Ni ba ungozoma ba, ni ba boka ba, amma na haifi tara na raini shida, na kuma gaji hannun uwar mijina, Allah ya jiƙanta, wadda take rarrabe kukan yunwa da kukan ciwon ciki tun daga bayan katanga. Mace za ta shigo da goyonta ko sallama ba ta ƙarasa ba, in taɓa maɗigarsa, in buɗe fatar idonsa, in ce tafi ki jiƙa masa wannan, ki shafa masa wancan. Da yawa sun warke. Waɗanda ba su warke ba kuwa sai a ce kwana ne ya ƙare, ba wanda ya taɓa cewa Inna ce ta yi kuskure. Ba a biyana, sai dai a aiko da ƙwai ko ƙwaryar gero, amma in na shiga gidan suna tabarmata daban ake shimfiɗawa, in na yi gyaran murya ɗaki ya yi tsit. Ba zan ɓoye muku ba, ina son wannan tsit ɗin fiye da yadda nake son nama.

Cikin abin da tsohuwa ta bar mini har da layar haƙori. 'Yar ƙarama ce, ba ta wuce gaɓar babban yatsa ba, an ɗinke ta da jar fata, gumin yara ya mayar da ita baƙa tana sheƙi. A gidan nan, duk yaron da haƙori ya fara damu sai a rataya masa ita a wuya, in haƙoran sun gama fitowa a cire a mayar cikin kwalla har a sami wani. Mijina ya rataye ta, ƙannensa sun rataya, 'ya'yana duka sun rataya. Da turamen Baffa suka fara tsagowa, yana dalala yana cizon duk abin da hannunsa ya kai, sai na ɗauko ta na ɗaura masa. Sunan marigayi mijina ya ci, shi ya sa ba na kama sunansa, Maigida nake ce masa, in ya yi mini fitsari a zane in ce ga angon da bai iya cefane ba sai ɓarna.

Rabi daga wajen Dawakin Tofa Sale ya auro ta. Ta yi firamare, ta yi Islamiyya. Ba ta da rashin kunya, ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba, amma tana da wani irin shiru da ya fi gardama ciwo. Ranar da ta ga layar, sai da ta gama yi masa wanka, ta zo ta durƙusa a bakin ƙofata.

"Inna, da an bar shi da addu'a. Kuma na ga zaren ya ci, gashi komai baki yake kaiwa."

Na ce, "Zaren nan ya girme ki. Mijinki da kike taƙama da shi, da shi ya yi haƙoran da yake cin tuwonki."

"Haka ne, Inna."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi."

Ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ta tashi. Sau biyu ina ganin ta cire layar lokacin wanka ta manta da ita da gangan a kan taga, sau biyu ina ɗauka ina mayarwa. A na biyun ko zaren ban sake ba, don kada ta ce maganarta na ji.

Lokacin kaka ne, an cire gyaɗa, an jibge ta a tsakar gida muna tsiga. Ran nan da hantsi Rabi tana suyar ƙuli, mai yana tafasa a kasko, sai ta miƙo mini yaron don kada ya rarrafa wajen wuta. Na zaunar da shi kusa da ni a gindin darbejiya. Can sai ga wata maƙwabciya da jaririnta mai zawo, na juya ina duba shi, ina yi mata faɗan nono, faɗan ya yi mini daɗi na ja shi. Da na waiwayo, Maigida yana zaune idonsa ya kawo ruwa, ya yi wani tari guda, ya haɗiyi yawu da ƙyar, sannan ya yi mini dariya. Zaren yana kan cinyarsa, jiƙe sharkaf, a tsinke. Layar babu.

Na sallami matar. Na ɗaga tabarma, na kakkaɓe zanena, na tona cikin harawa, na ɗauko tsintsiya na share gindin bishiyar nan har na fara haƙa rami. Na sa yatsa a bakinsa, ya cije ni. Na sake sharewa. Amma tun kafin in ɗauki tsintsiyar na san inda take. Na naɗe zaren na ƙulle a bakin zanena, na ce a raina, yara nawa na gani sun haɗiyi tsakuwa, sun haɗiyi kwabo, washegari ya fito a fo? Abin da ya shiga ta sama ai ta ƙasa zai fita. In ta fito in wanke ta, in sake zare, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Da yamma Rabi ta tuɓe shi za ta yi masa wanka, na ji ta daga ɗaki.

"Inna, ina layar wuyansa?"

Ku saurara, don nan ne wurin. Ban yi tunani ba, bakina ne ya riga ni.

"Na cire. Ba kin ce ba kya so ba?"

Ta leƙo, fuskarta a sake yadda ban taɓa gani ba tunda aka kawo ta gidan.

"Allah ya saka da alheri, Inna. Na gode."

Wannan godiyar ta fi zagi zafi. Na karɓa, na ce ba komai.

Washegari ya tashi yana ƙin nono. In ya kama ya ja sau biyu sai ya saki, can sai amai. Kukansa kuma ba irin na haƙori ba ne, ni na fi kowa sani. Zai yi shiru kamar ba shi ba, sai ya ƙwalla ƙara ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya yi gumi, sannan ya saki jiki ya yi lamo kafin wani ya sake tasowa. Na ce a ba ni fonsa da tsummokaransa ni zan riƙa wankewa. Rabi ta kalle ni, don rabona da wanke kashin yaro tun autana. Na ce hannuna ne yake son aiki. Na kai bayan ɗaki na tona da tsinke, ɗan abin da ya yi da safe ba komai a ciki, daga shi kuma bai ƙara yi ba, ko tusa. Ranar nan ban zauna ba. In ɗauki gyaɗa in tsiga uku in ajiye, in leƙa ɗakin Rabi, in koma gindin darbejiya in sake kallon ƙasar da na share, ko Allah zai sa ƙarya idona ya yi. Kaji ma na bi su ina kallo, wai ko wata ce ta ɗauka. Sale ya dawo daga gona ya tarar da yaron a haka, ya tambaye ni, don ni ake tambaya.

"Inna, me kika gani?"

"Haƙori ne. Turame in za su fito sai sun girgiza yaro. Kai ma haka ka yi."

Na narka man shanu na ɗura masa cokali biyu don hanya ta yi santsi. Ya dawo da shi. Na gasa masa ciki da tsumma mai ɗumi, ina latsawa a hankali ina laluben abar da yatsuna, ina cewa Maigida, kai da ka ci kayan mutane ka biya mana. Da rana ta biyu ta zo ba labari, na jiƙa filasko, ganyen nan mai sa gudawa, na ba shi. Ban ba shi na yara ba, na ƙara hannu. Ina so ku san wannan: duk macen da ta kawo mini yaro cikinsa a ɗaure, filasko nake bayarwa, kuma yana aiki. Amma ciki mai ɗaurewa daban, hanya da aka toshe da abu daban. Kamar ka toshe bakin kwata ne sannan ka yi ta kwararo ruwa. Bayan filaskon nan ihun da ya yi har maƙwabta suka shigo, ni kuma na tsaya a tsakiyarsu ina cewa magani ne yake faɗa da ciwo.

Safiyar rana ta uku amansa ya koma kore shar, kamar an kirɓa ganye. Cikin ya kumbura ya yi tauri yana ƙyalli, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, idanu sun zurma. Kukan ma ya daina, sai wani nishi can ƙasa. Na sha faɗa wa mata cewa yaron da yake kuka da sauransa, wanda ya yi shiru shi ake tsoro. Ina tsaye a ƙofa ina riƙe da bakin zanena inda ƙullin yake, sai na ga Rabi ta goya shi ta zura hijabi. Ba ta tambaye ni ba, ba ta ma kalle ni ba. Sale ya shigo zai karya, ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, ko ka kai mu asibiti yanzu, ko in kama hanya a ƙafa."

Ya juyo ya dube ni. Shekara talatin da wani abu yana da ita, amma sai ya ji daga bakina. Ban ce haƙori ba ne a wannan karon. Na shiga ɗaki na ɗauko mayafina.

Babur biyu muka hau zuwa asibitin Makoda. Malamin asibitin ya kwantar da shi, ya ƙwanƙwasa cikin da yatsa, ya yi ƙara kamar ganga. Ya sa abin saurare, ya daɗe, ya cire.

"Me kuka ba shi?"

Rabi ta ce, "Man shanu da filasko."

"Filasko? A wannan cikin? Wane mai hankalin ne ya ba shi?"

Ya ce, "Ya haɗiyi wani abu? Kuɗi, maɓalli, batir, ƙwallon wani abu?"

Rabi ta ce a'a, kullum idonta yana kansa. Ni kuwa na kafa wa wani hoton uwa da jariri da ke bango ido kamar zan karanta rubutun. Ya sa masa ruwa a hannu, ya rubuta takarda, ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, mu wuce Kano, kada mu biya gida ko ɗaukar zane.

A cikin bas ɗin, Rabi tana gaba da yaron a cinya, Sale yana ɗaga jakar ruwan sama, ni ina baya. Wani dattijo ɗan ƙauyen kusa da mu, da kwandon zabi a ƙafarsa, ya leƙo fuskata.

"A'a! Inna mai yara? Yau ke ce a hanyar asibiti? To mu kuma ina za mu?"

Na ce masa ya kula da zabinsa, ɗaya tana tsattsage masa wando. Aka yi dariya, har direba. Ni da bakina na sa mutane dariya, jikana yana nishi a gabana. Tsakanin nan da shiga gari na buɗe baki ya fi sau goma. In ce bari mu wuce waccan gonar dawa sai in faɗa. Mu wuce, in ce bari mu wuce wancan masallacin. In taɓa kafaɗar Sale, ya waiwayo, in ce ɗaga ruwan da kyau. Abin da ya riƙe mini harshe ba tsoron Sale ba ne. Muryar Rabi nake ji tana cewa na gode, ina kuma ganin matan unguwa suna ba juna labari a bakin rijiya.

Kafin azahar mun isa babban asibiti. Aka zura masa roba ta hanci, koren ruwan nan ya yi ta fitowa cikin leda, aka ɗauki hoton cikinsa. Likitar mace ce, ba ta girmi Rabi ba, siririya da tabarau, da ganinta na ce a raina wannan ko raino ba ta taɓa yi ba. Ta kira mu gefe a baranda, ta ɗaga hoton a haske.

"Hanjinsa ya toshe, wannan ba shakka. Abin da ban gani ba shi ne me ya toshe shi. Da ƙarfe ne, kamar kuɗi ko batir, da ga shi nan fari. Wani lokaci hanjin yaro kan shige cikin kansa, wannan akwai wani hoton da ke nuna shi, akwai kuma yadda muke gwada warware shi ba yanka. Mai ɗaukar hoton sai da safe. Amma in wani abu ya haɗiya wanda hoto ba ya kamawa, ba zan jira safiya ba. Ku yi tunani da kyau. Kwana uku da suka wuce, ba abin da ya ɓata a gida? Roba, ƙwallo, tsumma, komai ƙanƙantarsa?"

Sale, wanda bai ci ba bai sha ba, sai ya juya kan matarsa.

"Ke ake tambaya! Ke kike tare da shi! Kina can kina suyar ƙuli, ƙuli ya fi ɗanki? In wani abu ya same shi, Rabi, wallahi..."

Mutanen baranda suka juyo. Rabi ba ta kare kanta ba. Ta rufe ido, leɓenta yana motsi, tana bin ranar nan ɗaya bayan ɗaya, daga kasko zuwa wanka. Na ga lokacin da ta kai wurin. Ta buɗe ido, ba ta kalli Sale ba, ba ta kalli likita ba, ni ta kalla. Da ta yi magana da na sami abin musu. Ta bar ni da shirun nan nata, a gaban ɗana, a gaban baƙi.

Na kama kwance bakin zane. Ƙullin ya ƙi kwantuwa sai da na sa haƙori. Na miƙa wa likitar zaren a tafin hannuna.

"Laya ce. Ta fata. Kamar gaɓar yatsan nan. Ranar suyar ƙuli da hantsi, a hannuna."

Sale ya ce, "Inna?"

"Ni na ɗaura masa. Ni na ce na cire. Ban cire ba."

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta kalli zaren, ta ce fata kumbura take yi in ta sha ruwa, ta tambayi ko da ƙarfe a ciki, na ce takarda ce kawai. Ta ce, "Mama, gara da kika faɗa." Ta juya tana kiran ma'aikata da sauri, aka kawo wa Sale takarda ya sa hannu, kafin la'asar an tura shi ɗakin tiyata.

Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Na san dai na auna barandar nan da ƙafata har wata mai shara ta ce, Baba, ki zauna mana, kin hana ni aiki. Sale ya koma can ƙarshe ya jingina da ginshiƙi ya ba ni baya. Rabi tana zaune a ƙasa tana jan carbi. Na yi alwala sau uku ban iya tsayawa na ƙarasa salla da hankalina ba. Rana ta yi ja kafin likitar ta fito, ta cire abin rufe hanci, ta ce yana da rai. Ta ce inda layar ta tsaya hanjin ya yi baƙi ya fara mutuwa, dole suka yanke kamar taƙi guda suka haɗa sauran. Ta ce da an kawo shi ranar farko da ba a yanke komai ba, da kuma an kai safiya ba ta san abin da za ta ce mana ba. Ta miƙo wata 'yar kwalba. Layar tana ciki, ta kumbura ta yi fari-fari kamar ganda, ɗinkin ya buɗe. Rabi ta karɓa, ta sa a jakarta. Ban sake ganinta ba, ban kuma tambaya ba.

Mako biyu suka yi kafin a sallame su. Ranar da suka dawo gida ya cika da 'yan dubiya, mata har zaure. Ina zaune a kan tabarmata ina jiran a tambaya, na riga na haɗiye abin da zan haɗiya. Wata ƙanwar mijina, mai baki kamar reza, ita ta fara.

"Wai Rabi, me suka ciro a cikin yaron nan?"

Rabi tana gyara masa riga, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ƙwallon dabino ne, Goggo."

"Dabino! A ina ya samu?"

"A ɗakina."

Ɗaki ya ɗauka. Ai dama, matan yanzu, a ci a watsar, an iya karatu ba a iya shara ba, Allah ya so yaron nan da kakarsa a gida, don an ce Inna ce ta ɗauki mayafi ta ce a tafi Kano. Na ji duka da kunnena. Baki na gare ni, wanda ya fi na kowa a ɗakin. Na ce, "To, a bar maganar haka, yaro yana barci." Abin da na faɗa ke nan. Washegari aka kawo mini wani yaro mai zazzaɓi, na duba shi kamar ba abin da ya faru, sai dai daga ranar duk wanda aka kawo da amai da kumburin ciki, cewa nake ku wuce asibiti yanzu, ku kuma tuna abin da ya ɓata a gida. Mata suka ce Inna ta ƙara ilmi tunda ta je Kano.

Sale bai taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. Yana gaishe ni safe da yamma, yana durƙusawa kamar da. Amma ya daina tambayata me na gani. Baffa ya daɗe bai yi ƙiba ba, abinci kaɗan sai zawo, sai da ya kusa shekara uku ya yi gudu irin na yara. Kafin damina ta zagayo Sale ya sami aikin awon hatsi wajen wani abokinsa a Bacirawa can Kano, ya kama ɗaki biyu, ya ce yaron yana bukatar kusa da asibiti. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Gonar ubansa da ya rantse ba zai bari ba, ya bar wa ƙaninsa. Ku da aka haifa a can, kuka taso kuna zuwa mini da salla kamar baƙi, kuna ɓuya a bayan uwarku in na miƙo hannu, yanzu kun san abin da ya kai ku.

Safiyar da za su tashi, an gama loda kaya a mota, na shiga ɗakinta. Ba komai sai shatin gado a ƙasa, tana sharewa, Baffa a bayanta. Na tsaya a ƙofa.

"Me ya sa kika ce dabino?"

Ta jingina tsintsiya. Ta durƙusa, don ba ta taɓa yi mini magana a tsaye ba.

"Inna, ni in aka zage ni, yarinya ce, shekara biyu an manta. Ke in aka zage ki, da shi za a binne ki. Kuma uwar Malam ce ke. Ba na so 'ya'yana su ji ana faɗa."

Ta yi kuskure a lissafi ɗaya, ba a manta ba. Shekara ashirin da wani abu ke nan ana faɗa.

Na san abin da ya kamata in ce. Direba ya danna ham. Na ce, "Ki riƙa sa masa kanwa kaɗan a kunu." Ta ce to, Inna. Ta tashi ta fita, na bi motar da ido har ta sha kwanar rijiya.

Yanzu Baffa ya zama magidanci, matarsa tana da goyo, ni kuma ƙafa ta ƙi, ido ya ƙi, sa'o'ina duk sun tafi sun bar ni. Ba zan je in tarar da su da kayan wata a kaina ba. In an gama rubuta wannan, a kai Bacirawa, a tara ku duka, a kira ƙanwar mijina in ƙafarta za ta kawo ta, a zaunar da Rabi a kan kujera, ba a ƙasa ba, a karanta da ƙarfi.

Rabi, ke kika ce zaren ya ci, kuma ya ci. Ke kika goya shi kika sa hijabi, ba ni ba. Na yi miki ƙarya kin gode mini, kin yi ƙarya domina na ƙyale ki da ita. Ki yafe mini.

Na faɗa, an rubuta. Kada wanda ya ce in maimaita.